Amsa: wa zai tsaya min shaida a fasfon Birtaniya na farko?

Ɗan uwa, barka da samun takardar zama ɗan ƙasa, Allah Ya sa albarka. Ka ce ka rasa wanda zai sa hannu ya shaide ka a fasfonka na farko, tunda matarka ce kaɗai ta san ka sosai. Ita kam ba za ta yi ba. Ba a karɓar ɗan uwa na jini ko na aure, haka ma wanda kuke zaune gida ɗaya.

Abin da ake nema shi ne mutumin da ya san ka aƙalla shekara 2, yana zaune a Birtaniya, fasfonsa na Birtaniya bai ƙare ba, kuma yana da sana'ar da aka amince da ita ko ya yi ritaya daga ita: malamin makaranta, nas, akanta, lauya, ɗan sanda, mai haɗa magunguna. Malaman addini ma suna ciki, don haka limamin masallacin da kake zuwa Juma'a na fara kawo maka a rai. Duba kuma maƙwabta da abokan aiki, mutane na yawan mantawa da su.

Likitan da kake gani a asibiti kuwa, kada ka ɓata lokacinka, sai in abokinka ne na gaske.

In ta intanet ka cike takardar neman fasfon, imel za a tura wa mai shaidar ya duba hotonka ya tabbatar kai ne. Sanar da shi tun da wuri, ya ajiye fasfonsa kusa, don za a nemi lambarsa.

Don Allah kada ka roƙi wanda bai cika shekara 2 da saninka ba ya ce ya cika. Ofishin fasfo na iya tuntuɓarsa, ƙarya a wannan takarda laifi ne da zai shafe ku duka.