Matata Ta Haifi Zabiya, Ko Ya Halatta In Yi Shakkar Ɗan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da matata duk baƙaƙe ne, kuma a iya sanina babu zabiya a danginmu ko nata. Sai ga shi ta haifi ɗa zabiya. 'Yan'uwana sun sa ni gaba, wasu na cewa ba nawa ba ne, wasu na cewa jinin gidan su matata ne ya ɓata mana zuri'a. Ya halatta in yi gwajin DNA don zuciyata ta natsu?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya raya shi, Ya yi masa albarka. Ɗan nan naka ne a Shari'a, kuma launin fata ba hujja ba ce da za a kore ɗa da ita.

Irin wannan ta taɓa zuwa gaban Manzon Allah (SAW). Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya zo ya ce matarsa ta haifi ɗa baƙi, yana nuni da shakka. Sai Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce yana da su. Wane launi? Ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. To daga ina ya samo wannan launi? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta janyo shi. Annabi ya ce: wannan ɗan naka ma wataƙila jijiya ce ta janyo shi. Bai ba shi damar kore ɗan ba. Ka lura, da bakin mutumin aka ciro amsar, domin makiyayi ya san wannan a garkensa.

Wannan jijiya likitoci sun yi bayaninta. Kowane ɗan Adam yana da kuromosom 46, wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jiki, ya gaji 23 daga uwa, 23 daga uba, saboda haka kusan kowace ƙwayar gado biyu-biyu take. Akwai larurar da ƙwaya ɗaya ta isa ta fito da ita. Akwai kuma wadda take ɓuya, ba ta bayyana sai an gaji ƙwayar daga ɓangarorin biyu. Zabiyanci na fata da gashi da ido yana cikin kashi na biyu, kamar sikila. Mai ɗauke da ƙwaya ɗaya lafiyarsa ƙalau, fatarsa tana samar da sinadarin melanin mai ba ta launi yadda ya kamata, yana iya miƙa ta ga jikoki da tattaɓa-kunne ba wanda ya sani. Idan irinsu biyu suka yi aure, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya, biyu cikin huɗu mai ɗauke da ƙwayar kamar iyayensa, ɗaya cikin huɗu wanda bai gaje ta ba sam. Kowane ciki lissafinsa daban, ba wai an sha da fari shi ke nan ba.

To ɗan'uwa, ka ga inda maganar ta juya: rabin abin daga gare ka yake. Masu cewa jinin gidan matar ne, su sani a jinin gidanku ma yana nan.

Batun gwaji kuwa, ƙa'ida ita ce faɗar Annabi (SAW) cewa ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin matar da ta haife shi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 16 a Makka a shekarar 2002, ta zartar cewa ba ya halatta a yi amfani da gwajin DNA don kore nasabar da ta tabbata, ko don sake tantance ta, kuma ba a gabatar da shi a kan li'ani, wato rantsuwar da miji da mata ke yi idan ya tuhume ta da zina ba shi da shaidu. Li'anin ma, da ya zo a Suratun Nur aya ta 6 zuwa 9, na wanda yake da yaƙini ne, ba mai waswasi ba. Ina kan wannan ra'ayi, domin ranar da ka nemi gwajin ka riga ka tuhumi matarka. Gwajin da likita zai yi don sanin nau'in larurar ko shirin haihuwa ta gaba, wannan babu laifi, neman magani ne.

'Yan'uwanka su ji tsoron Allah. Wanda ya fito fili ya jefi mace kamila da zina ba tare da shaidu huɗu ba, haddinsa bulala 80 ne, a daina karɓar shaidarsa, kamar yadda aya ta 4 ta surar ta faɗa. Kare ta daga bakinsu haƙƙinta ne a kanka.

Yaron kuma wajibinka ne ka kiyaye shi daga zafin rana da hula mai faɗi, tufafi masu rufe jiki da man kariya, domin rana na iya jawo masa kansar fata. Ka kai shi likitan ido tun yana ƙarami, domin galibin zabiya suna da raunin gani. Ƙwaƙwalwarsa kamar ta kowa take, kada a hana shi karatu.

Wallahu a'alam.