Kan famfona yana ɗiga ko da na matse shi, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kan famfon wajen wanke-wankena ya kai wata biyu yana ɗiga. Da farko in na ƙara matse shi sai ya tsaya, amma yanzu ko na sa ƙarfina duka ba ya dainawa, har ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin marikin. Shin zan iya gyara shi da kaina, ko dole sai na sayi sabo?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Za ki iya, kuma da wuya a ce sai kin sayi sabo. Amma kafin komai ina roƙonki ki daina matse shi da ƙarfi daga yau, domin matsewar ita ce ke mayar da ƙaramar matsala babba.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Famfon da ake murɗawa sau da yawa kafin ya rufe yana da sanda a cikinsa, a ƙarshenta akwai 'yar roba zagayayya wadda masu gyara ke kira washa. In kin rufe famfo, robar ce ke sauka ta zauna a kan wani zobe na tagulla ta toshe hanyar ruwa. Yau da gobe robar takan taurare ko ta tsage, sai ruwa ya samu 'yar kafa. Duk sanda kika ƙara matsewa, kina niƙa robar ne a kan zoben, har ta ƙare, ƙarfe ya koma cin ƙarfe. Robar ba ta da tsada ko wuyar canji, amma in zoben ya ci, aikin ya ƙaru. Shi kuwa ruwan da ke fitowa ta ƙarƙashin mariki, wata robar ce daban mai kama da zoben hannu, wadda ke zagaye da sandar, ita ma ta gaji. Ke nan robobi biyu za ki canza a buɗewa ɗaya.

Kada kuma ki raina ɗigon. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai daidaita baki, sukundireba, tsumma, da sababbin robobi. Fara da kashe ruwa. Duba ƙarƙashin kwamin wanke-wanken, sau da yawa akwai ɗan makulli a jikin bututun. Murɗa shi zuwa dama har ya tsaya. In babu, sai ki rufe babban makullin ruwan gidan. Daga nan buɗe famfon gaba ɗaya, ki bar sauran ruwan ya tsiyaye. In famfon ruwan zafi ne, kashe na'urar ɗumama ruwan tukuna. Sannan ki toshe ramin kwamin da tsumma. Na sha ganin aiki ya tsaya cak saboda ɗan ƙaramin sukuru ya gangara cikin magudana.

A saman marikin akwai ɗan murfi, galibi mai alamar ja ko shuɗi. Ɗaga shi da bakin sukundireba, za ki ga sukuru a ƙasa. Kwance shi, ki zare marikin. In akwai murfin ƙarfe mai sheƙi, naɗe shi da tsumma kafin ki kwance don kada ya karce. Yanzu za ki ga babban noti. A nan ne nake so ki natsu sosai: riƙe bakin famfon gam da hannu ɗaya, ki murɗa notin zuwa hagu da sifana a ɗaya hannun. In ba ki riƙe ba, famfon duka zai juya, ya murɗe bututun da ke ƙasa ko ya tsaga kwamin in na tangaran ne. In notin ya ƙi, kada ki buga shi da guduma. Fesa masa man da ke saki tsatsa, ki ba shi minti goma sha biyar, ki sake gwadawa.

Da notin ya fito tare da sandar, za ki ga robar a ƙarshen sandar, ta lotsa ko ta yi kaca-kaca. Wata ana ɓamɓaro ta kawai, wata kuma ɗan noti ne ke riƙe da ita. Famfon kwami yawanci na rabin inci ne, na bahon wanka kuma kashi uku cikin huɗu na inci, amma duk da haka ki tafi da tsohuwar a hannu wurin saye. Bambancin da ido ba ya gani ya isa ya dawo da ɗigon. Robar sandar kuma ki shafa mata ɗan girisin silikon kafin ki sa ta. Ki guji man da aka yi da fetur, yana kumbura wasu nau'o'in roba.

Kafin ki mayar, sa ɗan yatsanki cikin ramin ki shafa zoben tagullar. Ya kamata ki ji shi sumul. In kin ji ɓarɓashi fari-fari, gishirin ruwa ne ya taru, sai ki jiƙa tsumma da ruwan khal ki cusa, ki bar shi ɗan lokaci, ki goge. In kuwa farcenki ya kama wata 'yar tsaga, to ruwa ya riga ya haƙa hanya a ƙarfen, kuma sabuwar roba ba za ta daɗe ba. Akwai ɗan abin goga zobe da ake murɗawa a ciki ya daidaita shi. Murɗawa kaɗan ta wadatar, don in aka ci tagullar da yawa famfon ya tashi aiki. Duba da irin matsewar da kika ce kina yi, ina zaton za ki tarar da wannan, don haka ki duba da kyau.

Idan naki famfon irin wanda ake juyawa kwata kawai ne ya rufe, ba washa a cikinsa. Faifai biyu ne na tangaran ke goga juna, kuma ɗan tsakuwa ɗaya kan karce su. Kwancewar iri ɗaya ce, sai dai ƙullin cikin gaba ɗaya ake canzawa. Shi ma a je da tsohon, domin tsawonsu da yawan haƙoran da ke shiga mariki sun bambanta, kuma a wasu famfunan na zafi da na sanyi ba gefe ɗaya suke juyawa ba.

Wajen mayarwa, fara ɗaura notin da hannu har ya zauna daidai a kan tiredinsa, wato layukan da yake bi in ana murɗa shi, sannan ki ɗan ƙara da sifana. Farin tef ɗin da ake naɗawa a bakin bututu ba shi da aiki a nan, tunda roba ce ke tare ruwan. Bar famfon a buɗe, ki kunna ruwa a hankali. Zai yi tari ya fitar da iska da datti, sannan ki rufe da yatsu biyu kawai. In ɗigo ɗaya ko biyu ya biyo baya, ragowar ruwan bakin ne, ba shi lokaci.

Wuri ɗaya ne zan ce ki dakata ki kira mai gyaran famfo: in makullin ruwan ya cije ya ƙi juyawa, ko kika ga bututun ƙasa ya yi tsatsa ko kore-kore a mahaɗinsa. Makullin da ya karye a hannu yana nufin ruwa zai yi ta kwarara ba ki da inda za ki tsayar da shi.