Tambaya da Amsa: Jirgi Mara Matuƙi Zai Iya Kawo wa Mai Jego Jini Har Ƙauye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Auyo. Da damina ruwa kan yanke mana hanyar Haɗeja, ga mace tana zubar da jini bayan haihuwa. Na ji ana kai jini da jirgi mara matuƙi. Yaya abin yake, kuma zai amfane mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, sannu da ƙoƙari. Kamfanin Zipline ya fara wannan aiki a Ruwanda a 2016, sai Gana a 2019, ya shigo Jihar Kaduna a 2022. Ana tura saƙo ta waya, a faɗi rukunin jinin da yawan ledojin, ma'aikatan tashar jirgin kuma su shirya kwali su harba shi. Yana ɗaukar kusan kilo 2, wato leda kamar uku, yana gudun kimanin kilomita 100 a awa, kuma yana kaiwa kilomita 80 daga tasharsa. Ba ya sauka. Sakin kwalin yake yi da 'yar laima, don haka sai kun ware fili babu bishiya babu wayar lantarki, da mai tsayawa ya ɗauka.

Rashin saukar nan shi ne inda gizo ke saƙar. Jirgin ba zai koma da samfurin jinin matar ba, saboda haka gwajin rukuni da na dacewa a wajenku za a yi. In babu kayan gwajin, sai rukunin O nagatif, shi kuwa wuyar samu gare shi. Jinin da bai dace ba yana iya kashe ta kafin zubar ta kashe ta.

Ga kuma zafin Jigawa. Ana ajiye jini tsakanin digiri 2 zuwa 6, a hanya kada ya wuce 10. Ƙanƙara kada ta taɓa ledar kai tsaye, tana fasa ƙwayoyin jinin. Da kwalin ya faɗo, a duba ko ledar ta yoye, ta sauya launi ko ta yi gudaji. A ɗaura wa matar jinin cikin minti 30 da fitar da shi daga sanyi, leda ɗaya ta ƙare kafin awa 4.

Kada ki naɗe hannu kina jiran jirgi. Da zubar ta kai mililita 500, ki murza mahaifa, ki ba da oksitosin (allurar da ke sa mahaifa ta tsuke), ki sa ƙarin ruwa da babbar allura, a ba da taraneksamik (maganin tsayar da zubar jini) giram 1 ta jijiya cikin awa 3 da haihuwa, a duba yagewa ko ragowar mabiyiya. Oksitosin da ya daɗe a zafi ƙarfinsa raguwa yake, a firij ake ajiye shi. In mahaifa ta fashe kuwa, tiyata ce kawai, dole a nemi kwalekwale a kai ta babban asibiti.

Tambaya: In jirgi zai kawo, ashe mun huta da tara dangi su ba da jini? Daga wani magidanci a Kafin Hausa.

Amsa: A'a, Malam. Jirgin ɗan aike ne, abin da ke ma'ajiya yake ɗaukowa, kuma ledar jini ba ta wuce kwana 35 zuwa 42. Namiji mai lafiya zai iya bayarwa duk wata uku. Tun a awon ciki a san rukunin jinin maiɗakinka, ka kuma tanadi mutum biyu masu irinsa kafin naƙuda.