Kuɗinka na Singafo, kai kana neman kotu a Kano

Wani Alhaji mai harkar kayan fata a Kano, jakunkuna da takalma da walat, ya turo min saƙo da zafinsa. Ya ce shekara biyu kenan yana sayar wa kwastomomi na ƙasar waje ta wata manhaja, kuɗinsa ya taru a ciki har dala 4,200, da gangan ya bar su yana jira dala ta ƙara tashi kafin ya cire. Kwatsam suka rufe akawun ɗin wai suna bincike, wata biyu ba amo ba labari. Ya je wajen lauya zai maka su a babbar kotun jiha, lauya ya duba sharuɗɗan ya ce masa an rubuta dokar Singafo ce za ta yi aiki kuma a can za a yi shari'a. Ɗan yayarsa ne ya buɗe masa akawun ɗin. Tambayarsa: wai da gaske ba zai iya kai su ƙara a gida ba, alhali a nan yake zaune?

Toh Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma zan faɗa maka abun da ba za ka so ji ba, maganar kotun nan ita ce ƙaramar matsalarka. Babban kuskurenka shi ne ka ajiye sama da naira miliyan 6 a hannun mutanen da in suka ce ba su san ka ba, baka da ƙafar da za ta kai ka ƙofarsu. Kai da kanka ka ce da gangan ka bari, kana jiran dala. Wannan jiran shi ya kashe ka.

Ka tuna yadda muke yi a Kwari ko Sabon Gari. Kafin ka ba baƙo kaya bashi sai ka san waye fatomansa, wa ya tsaya masa, in rigima ta tashi gaban wa za ku je, shugaban layi ne ko sarkin kasuwa. Ba ka taɓa ba mutum kayan miliyan 6 ba don kawai ya iya gaisuwa. To wannan tambayar ta "gaban wa za mu je" ita ce kamfanonin nan suke amsa wa kansu tun ranar farko, can ƙasan dogon rubutun da yaron naka ya danna na amince ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba. Abu biyu ne a wajen, mutane suna haɗa su. Na farko dokar wace ƙasa za a bi wajen fassara yarjejeniyar, na biyu a wane gari kuma gaban wa za a zauna. Wani lokaci ma ba kotu bace sam, sai su ce masu sasanci ne na kuɗi, ku biya su su saurare ku a ɗaki, hukuncinsu kuma kusan ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Kuma ba kai kaɗai aka yi wa ba. Duk mai tallata kaya a Facebook daga nan ya riga ya yarda da dokar ƙasar waje da kotunan can, na Google ma haka ne. Su lauyoyinsu suna nan kusa da kotun, su tashi daga ofis su taka su je, kai kuwa sai fasfo sai biza sai tikiti.

Yanzu ga amsar tambayarka kai tsaye. Za ka iya shigar da ƙara a Kano, ba wanda zai hana ka biyan kuɗin rajista. Kotunan Najeriya basu ɗauki irin wannan sharaɗi a matsayin abun da ya ɗaure musu hannu gaba ɗaya ba. A 1987 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Sonnar da masu jirgin ruwan Nordwind, rigimar shinkafa ce da aka ɗauko daga Bankok, takardar kayan ta ce a je Jamus, amma kotu ta ce a yi a nan saboda a dokar Jamus lokacin shigar da ƙara ya riga ya wuce, in aka tura su can sun rasa komai kenan. Sai dai kar wannan ya sa ka murna. A 2008 ita dai wannan Kotun Ƙolin, a shari'ar Nika Fishing da Lavina, rigimar jirgin daskararren kifi, cewa ta yi tunda kun rubuta Ajantina to ku tafi Ajantina. Wato asalin ƙa'idar ita ce abun da ka sa hannu a kai shi ke binka, sai in ka kawo dalili mai ƙarfi, kuma kai ne za ka kawo shi, da kuɗinka, tun kafin a fara maganar dalolin naka ma.

A ce ma ka ci. Alƙali ya buga guduma ya ce su biya ka. Sai me? Takarda ce a hannunka, kamfanin nan in bashi da ofis a Najeriya, bashi da asusu a bankin nan, bashi da ko kujera da za a kama, wa za ka kai wa ita? Sai ka sake ɗaukar ta ka kai kotun can ka roƙi su amince da ita, kaga ka dawo inda kake gudu. Tikitin zuwa da dawowa kaɗai zai ci sama da dala 1,000, lauyoyin can kuma da awa suke caji, ɗaruruwan daloli duk awa ɗaya, kafin a gama gabatarwa kuɗinka ya ƙare. Sun san wannan lissafin sarai, don shi ma aka rubuta sharaɗin. A Kanada an yi wani mai kai abinci na Uber da sharuɗɗa suka ce sai ya je Holan a yi sasanci, kuɗin fara zaman kaɗai dala 14,500, kusan abun da yake samu a shekara. Kotun Ƙolin ƙasar ta soke sharaɗin a 2020, amma sai da aka kai har can ƙoli, kuma ƙarar taron direbobi ce da lauyoyi a bayanta. Kai wa ke bayanka?

Na san wata baiwar Allah mai turaren wuta da humra, irin abun nan ya same ta, nata bai kai naka ba ma. Zuciya ta ɗebe ta ta ɗauki lauya, yau a ɗage gobe a ɗage saboda ko sammaci an kasa sanin yadda za a kai wa kamfanin, sai an nemi izinin kotu tukuna tunda a waje suke. Ta kashe fiye da rabin abun da take bi. Ƙarshe kamfanin da kansa ya saki kuɗin bayan wata shida, ashe takardar shaida ɗaya suke nema, sun turo saƙo tun farko ya faɗa imel ɗin ƙaninta da ya tafi hidimar ƙasa ya daina dubawa.

Wannan ya kawo ni kan yaron naka. Ka kira shi yau ɗin nan ka tambaye shi da sunan wa ya buɗe, imel ɗin wa ya sa, lambar wa, katin shaidar wa ya ɗora. Wallahi in da sunansa ne to a idon doka kai ba kowa bane a wannan yarjejeniya, ko a Singafo ko a Kano, kuma ina zargin abun da ya jawo binciken kenan, suna a akawun daban, suna a banki daban. Ku zauna tare ku buɗe saƙonninsu duka, abun da suka nema ku ba su, rasit na aika kaya, lambar bin sawun kaya, hirarka da kwastoma, takardar rajistar CAC in kana da ita. Ka rubuta musu a nutse ba zagi ba barazana. Yawancin irin kamfanonin nan suna da wa'adin riƙe kuɗi a rubuce, wasu har kwana 180, ka nemo naka ka ƙirga. Ka duba kuma ko akwai wa'adin shigar da koke, kar ya wuce kana zaune. In lauya za ka biya, biya shi ya karanta sharuɗɗan ya rubuta musu wasiƙa ɗaya mai kyau, ya kuma bincika ko suna da reshe mai rajista a Najeriya, don in akwai shi lissafin ya canza. Koke a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ma ba laifi, ita ce ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, dala miliyan 220 a 2024, amma gwamnati ce da ƙarfinta, kar ka ɗauka za ta tashi tsaye haka saboda jakunkunanka.

In Allah ya sa suka saki, ranar ka kwashe tas. Daga nan duk sati ka cire, kar ka bar abun da ya wuce cinikin sati ɗaya ya kwana a ciki, kana son ajiyar dala ka buɗe asusun dala a bankin da za ka iya shiga ka zauna a gaban manaja. Ribar da kake hange daga tashin dala nawa ce ma, ko dubu 300 aka ce, ka sa miliyan 6 a bakin kura saboda ita. Duk wata sabuwar manhaja da yaran nan za su zo maka da ita suna cewa kasuwa ta buɗe, ka ce su gangara ƙasan sharuɗɗan su nemo maka sunan gari, a nan za ka san inda kotunka take.

Sannan don Allah kar ka bari ya buɗe maka wani akawun na biyu da sunan matarka kafin a gama wannan, na san shawarar da zai kawo kenan. Suna ganewa ta waya da lambar banki, in suka haɗa biyun sai su rufe duka.