Tambaya da Amsa: Tankinmu Ya Yi Baƙi Bayan Ɗauke Wuta

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Wata huɗu ke nan da ɗaukata aiki a wata matatar ruwan ƙazanta. Makon jiya aka ɗauke wuta kwana biyu, janareta kuma ba mai. Da wuta ta dawo sai muka tarar lakar tanki ta yi baƙi tana warin baragurbi, kumfa ta lulluɓe ruwan, wanda muke sakewa rafi ma a gurɓace yake fita. Ogana ya ce a antaya kilorin a tankin. Hakan zai yi magani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe mini da oganka, amma ku dakata da kilorin ɗin nan. Wurinsa can ƙarshe ne, bayan ruwa ya tace. In kuka antaya shi a tankin iska, wato wanda ake hura wa laka iska, 'yan ragowar bakteriyar da suka tsira za ku ƙarasa.

Abin da ba a faɗa maka ranar da ka kama aiki ba shi ne kiwo aka ɗauke ka. Lakar nan mai ruwan ƙasa cike take da ƙwayoyin bakteriya, su ke cinye dattin, injuna hidima kawai suke yi musu. A Mancesta ta Ingila aka fito da wannan dabara a 1914, kuma har gobe sharaɗinta ɗaya ne: iska. Ana son oksijin ɗin tanki ya tsaya wajen miligiram 2 a kowace lita, shi ya sa injin hura iska kan lashe kusan rabin kuɗin wutar matata. Kwana biyu garkenku ba numfashi. Waɗanda ba ruwansu da iska suka karɓe fili, su ne masu baƙin da warin.

Yanzu ku buɗe iska gaba ɗaya, ku tayar da famfon da ke dawo da laka daga tankin kwantarwa, ku kuma rage zubar da laka na 'yan kwanaki. In wari ya ragu, launi ya fara komawa ruwan ƙasa tana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, to ta farfaɗo. In an yi mako shiru, a ɗauko lafiyayyar laka a tanka daga wata matata a zuba, kamar yadda mai nono ke barin ɗan tsohon tsami don na gobe.

Ni abin da na fi yarda da shi a aikin nan kwalba ce mai cin lita ɗaya. Kowace safiya ka ɗebo ruwan tankin iska, ka ajiye minti 30, ka zuba ido. In laka ta kwanta ƙasa ruwa ya yi garau a sama, alhamdu lillahi. In ta ƙi kwanciya ta tsaya kamar kunu, bakteriya masu siffar zare ne suka yi yawa, kuma galibi ƙarancin iska ke kawo su. In ta kwanta sannan bayan awa ɗaya ko biyu ta taso curi-curi, iskar naitirojin ce ta ɗago ta. Lakarku na daɗewa a tankin kwantarwa, a ƙara gudun famfon dawo da laka.

Ba ka faɗi launin kumfar ba. Fara mai kama da ta omo na nufin garke ya yi kaɗan, abinci ya fi ƙarfinsa, kuma ita nake zato bayan irin wannan asara. Mai ruwan ƙasa, mai danƙo, ta tsohuwar laka ce da maiƙo. Wannan a kwashe ta a fitar, kada a mayar da ita ciki. Maiƙo ba abin rainawa ba ne: a 2017 an haƙo dunƙulen kitse da tsummokara mai nauyin tan 130 a magudanar Landan.

Ba kullum wuta ke da laifi ba. Na taɓa barin tanki lafiya lau da magariba, na dawo da asuba na tarar da shi shuɗi, wata masana'anta ta saki ruwan rini cikin dare. Duk wanda ya san ruwan majemun Challawa da Sharaɗa a Kano ya san yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, kuma irinsa guba ne ga bakteriya. Don haka ka riƙa leƙa bakin shigowar ruwa, ka rubuta launi da lokaci a littafi. A can kuma za ka ga rariyar ƙarfe. Leda da ƙunzugun yara da ba a kwashe ba su ke shaƙe famfo.

Warin baragurbin nan kuwa iska ce mai kisa. In ta yi yawa hanci kan daina jin ta, mutum ya ɗauka ta wuce. Kada ka sauka ramin famfo sai an auna iskar ciki, da igiya a ƙugunka da mutum tsaye a sama, ko da oga ne ya ce ka yi sauri.