Shawar lantarki da ke yajin aiki idan rana ta ƙwalle

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a Landan. Shawar ɗakina irin mai dumama ruwa da kanta ce, akwati ce a jikin bango. Duk lokacin sanyi lafiya lau take, amma da zafi ya shigo sai ta fara zubo ruwa kamar na shayi, can kuma ya koma sanyi ƙalau. Abokina ya ce akwai wani ɗan ƙarfe a ciki da ake haɗe wayoyinsa a huta. In buɗe?

Amsa: Filin waya da kwamfuta ne wannan, yau ga shi an shigar da ni banɗaki. To, zan amsa, saboda abokin nan naka yana neman ya sa a kai wa mahaifanka mummunan labari.

Shawarka ba ta lalace ba. Irin wannan na'ura ba ta ajiye ruwan zafi, ruwan famfo ne ke ratsa wani ɗan gwangwani mai ƙarfen dumama, kuma in ba ka canza maɓallin ƙarfinta ba, ƙarfin wutar da take ja ɗaya ne ko da wane lokaci. Ɗauki mai kilowat 9.5: idan lita 4 ke wucewa a minti guda, za ta ƙara wa ruwan kusan digiri 34. A watan Janairu ruwan famfon Ingila kan shigo da digiri 5, ka ga ya zama 39, daidai wanka. A watan Yuli kuwa yana iya shigowa da digiri 20, lissafi ya koma 54. Daga nan sai makarin zafi da ke ciki ya yanke wutar, shi ne ka ji sanyi. Idan ya huce ya dawo da ita, ka sake ƙonewa. Ɗan ƙarfen da abokinka ke so a kashe ke nan, wato mai gadin da ya hana fatarka saɓulewa.

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Fis ya ƙone, mu naɗa masa wayar tagulla. Na'ura ta yi ƙarar gargaɗi, mu cire abin da ke ƙarar. Shawa mai kilowat 9.5 tana jan wuta mai yawa, kusan amfiya 40, kai kuma kana tsaye tsirara, ƙafa cikin ruwa. A nan ne za ka gwada dabarar aboki? Ko sukurun murfin kada ka taɓa.

Ga abin da hannunka zai iya. Akwai maɓalli biyu a gaban akwatin. Na farko na ƙarfin wuta ne, sauke shi daga babba zuwa matsakaici, ƙarfen dumama ɗaya zai yi aiki maimakon biyu. Na biyun da kake ɗauka na zafi ne, a gaskiya yawan ruwa yake sarrafawa, juya shi wajen sanyi ruwa ya ƙaru. Sannan kwance kan shawar ka duba ramukan. Ruwan Landan yana da alli sosai, yana barin farin datti da ke toshe su, kuma idan ruwan ya ragu zuwa lita 3 ƙarin zafin ya haura digiri 45. Jiƙa kan cikin ruwan kal ya kwana, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Ni duk farkon wata nake yin haka, ba na jira sai ta yi gardama. Duba tiyon ma, ko ya lanƙwashe.

Idan kuma ruwan ya tsaya a sanyi gaba ɗaya, wasu makaran zafin sau ɗaya suke yankewa, sai an canza su. Idan ruwa na ɗiga daga ƙasan akwatin, ja igiyar makunnin da ke silin ka kashe ta. Duka biyun aikin mai gida ne ya turo ƙwararre, kuɗin hayar da kake biya ya isa.

Masu irin wannan hita a Kano ko Maraɗi, naku ya fi haka. Baƙin tankin da ke kan rufi yana shan ranar Afrilu tun safe, ruwan ya riga ya yi zafi kafin ya iso. Ga rashin ƙarfin turi: yawancin waɗannan na'urori suna son matsin ruwa kusan "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, wanda sai tanki ya yi tsayin mita 10 sama da shawar yake bayarwa. Ku kashe ta kawai har sanyi ya dawo. Wanda ke kunna hita a watan Afrilu a Sakkwato, matsalarsa ta fi ƙarfin wannan fili.

Tambaya: iPhone ɗina na daina caji da rana, sai ya rubuta wai sai ya huce. Batir ne ya mutu? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Hajiya, batir na nan da ransa. Apple sun ce wayar ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, Zariya kuwa ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Cire mata riga, daina kallon bidiyo tana caji, kada ki bar ta a gaban mota. Firji kuma a'a, raɓa za ta taru a cikinta.

Tambaya: Laftof ɗina na mutuwa da kansa bayan minti ashirin, fankarsa na ta ihu.

Amsa: Ɗauke shi daga kan katifa, ka toshe masa hanci. Ɗora shi a tebur, ka kai a hure masa ƙurar hunturun bara.