Yadda na gane wasiƙar nan ta 1959 ta jabu ce

Ɗana, jiya da mutumin nan ya naɗe takardarsa ya fita, ka tambaye ni dalilin da ya sa na mayar masa da ita, alhali ta yi ja, gefenta ya cinye, ga 1959 a rubuce, kuma ya rantse wasiƙar neman ƙuri'a ce ta NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano, daga nan Gusau. Akwai mutane a shago lokacin, shi ya sa na yi shiru. Yanzu zauna ka ji.

Kai launinta ka tsaya kallo, ni kuwa karanta ta na yi. A samanta an buga "Gusau, Jihar Sakkwato". To a 1959 Lardin Sakkwato ake cewa, a ƙarƙashin Jihar Arewa ta Sardauna. A 1967 muka koma Jihar Arewa maso Yamma, sai a 1976 aka sami Jihar Sakkwato. Kebbi ta fita a 1991, mu Zamfara a 1996. Waɗannan shekaru ka riƙe su kamar sunanka, domin su ne ma'aunin farko na duk takardar da za a kawo maka.

Da na gangara ƙasa sai na ga an ce maza da mata su fito ranar zaɓe. Nan jikina ya yi sanyi, don na so a ce ta gaske ce. A zaɓen 12 ga Disamba 1959 matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba. NEPU ta yi ta neman a ba su wannan dama, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan gwagwarmayarta, amma sai a 1976 aka ba su. Ɗan NEPU na wancan zamani kukan an hana mata zai rubuta, ba zai kira su rumfar zaɓe ba.

Sai alamar da aka zana a kusurwa, wato mukulli. Mukulli na PRP ne, jam'iyyar Malam Aminu Kano ta zaɓen 1979. Alamar NEPU tauraro ce, ta NPC, jam'iyyar Sardauna, fartanya. Kada ka ɗauki wannan ƙaramin kuskure. A zaɓen 1959 kowane ɗan takara da akwatinsa a cikin ɗaki, an manna masa alamar jam'iyyarsa, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa. Akasarin masu zaɓe ba su yi boko ba, alamar kawai suke nema da ido. Saboda haka mai rubuta wasiƙa zai iya kuskure a komai, ban da alamar akwatin da yake roƙon a jefa masa.

Bayan wannan ne na sa hannu. Ka ga na juya ta na shafa bayanta da ɗan yatsa? Tafireta dukan takarda take yi, harafi ya nutse har ka ji tudunsa ta baya, musamman ɗigo. Wannan sumul take. Kuma ƙ da ɗ ɗinta sun fito tsaf da lanƙwasarsu, alhali yawancin tafiretocin da na gani ba su da waɗannan haruffa, akawu da biro yake ƙara musu ƙugiya, ko ya bar su haka. Jan da ya ruɗe ka kuwa ruwan shayi ne. Tsufan gaskiya daga gefe da wurin ninki yake fara ci, ba ya shafe takarda bai ɗaya. Inda aka soka fil ma sai ka ga zoben tsatsa.

Abin da ke sa masu jabu su fi bin NEPU shi ne ƙarancin takardunta. Dattijon da ya sayar mini da ta ajamin nan da ke cikin adaka ya ce a cikin rufin ɗaki mahaifinsa ya cusa ta, don idan 'yan dokan En'e suka same ta a hannunka, gaban alƙali za ka tsinci kanka. Da yawa ƙona nasu suka yi. Shi ya sa rabin shafin nan da gara ta ci ya fi mini fosta goma masu kyau, kuma ban taɓa yi mata farashi ba.

Ita za ka fara koyon adanawa a kanta. Wanke hannu ka shanya kafin ka taɓa. Kada salatif ya kusance ta, kada kuma wani ya ruɗe ka da a kai ta a manne cikin leda da injin zafi, don ba ta sake fitowa. Ka shimfiɗa ta tsakanin farar takarda biyu, ka ɗora adakar kan benci nesa da bango, damina ta kusa. Ɗauko mukullin adakar a aljihun rigata, mu buɗe ta tun da sauran haske.